Jawabin Kwamitin Sana'a a Taron Cika Shekara Goma: Maganar Gyaran Agogo



Hajiya Shugaba, iyayenmu mata da suka kafa wannan ƙungiya, 'yan'uwa abokan adashi, da mazajenmu da 'ya'yanmu da suka zo taya mu murna, sannunku da zuwa. An ba kwamitin sana'a minti goma sha biyar. Mu 'yan kasuwa ne, kun san bakinmu, idan mun zarce sai a ja mana mayafi.

Magana ɗaya muka zo da ita. Muna roƙon a bana kuɗin koyar da sana'a da ke asusun ƙungiya a kashe shi wajen koya wa 'yan mata huɗu gyaran agogo. Mun san za a yi dariya. Mu ma mun yi ta, ranar da aka fara kawo maganar a zaman kwamiti. Amma ku ba mu kunne tukuna.

A shekara goman nan mun koyar da ɗinki, da saƙa, da sabulu, da man shafawa, da turaren wuta. Alhamdu lillahi, akwai gidajen da wannan ya rufa wa asiri. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya. Yau a wasu layukanmu kusan kowane gida da keken ɗinki, aikin kuwa sai Sallah ta matso. Sabulun da muka koya wa juna, mu ne masu yi, mu ne kuma masu saye. Kun kuma tuna horon kwana uku da wasu baƙi suka zo suka yi mana, aka ɗauki hoto, aka raba takardar shaida. Wace ce a cikinmu take cin abinci da shi yau?

Ga yadda maganar agogo ta taso. A layinmu na kasuwa akwai wani dattijo mai gyaran agogo, da ɗan teburinsa da akwatin gilashi. Tun muna 'yan mata muna talla muke ganinsa a wurin. Yanzu ido ya fara gajiya, hannu kuma yana ɗan rawa. 'Ya'yansa maza ba wanda ya gaje shi, wani yana gyaran waya a Farm Centre, wani yana tuƙa Adaidaita. Wata rana muka ce, "Baba, ba ka da yaro ne a wurin nan?" Ya ce yaran yanzu ba sa iya zama wuri ɗaya, ranar da ya rufe akwatin nan an rufe ke nan. Sai ɗaya daga cikinmu ta ce, to ai mu muna da masu iya zama. Yarinyar da za ta zauna awa uku tana zana lalle a ƙafar amarya, ko tana jera duwatsu a jikin mayafi ɗaya bayan ɗaya, me zai hana ta zama a gaban agogo?

Ba mu tsaya a zato ba. A taron watan jiya mun ce kowa ta kawo mataccen agogon da ke gidanta. Kun gani da idonku, faranti ya cika har ana ɗorawa a kan tabarma. Na lefe, na tsarabar Makka, na bango da aka raba a biki, da na yara 'yan makaranta. Muka kwashe muka kai wa Baba. Fiye da rabi ba abin da ke damunsu sai batir, ko ɗan ƙarfen madauri da ya fita, ko datti. Agogon lefe mai tsada ya yi shekara huɗu a cikin durowa saboda abin da bai kai kuɗin cefanen yini ɗaya ba. Me ya sa? Matar gida ba za ta taso ta ratsa kasuwa don batir ba. Idan ta aiki yaro, ya dawo da wanda bai dace ba. Amma da akwai mace mai gyara da ke shiga gida kamar yadda dillaliya take shiga, da tuni an tashe shi.

Kada wata ta ce ai sa batir ba sana'a ba ce. Mu ma haka muka ɗauka, sai da muka zauna muka kalli Baba yana aiki. Agogon batir, wanda za ku ga an rubuta Quartz a fuskarsa, a cikinsa akwai wani ɗan ƙanƙanin dutse da wutar batir ke sa shi karkarwa sau 32,768 a kowane sakan, da wannan yake ƙirga lokaci. Kusa da mazaunin batir akwai naɗin wayar jan ƙarfe da ta fi silin gashi sirantaka. Sukuddireba ta zame ta taɓa ta sau ɗaya, agogo ya mutu, kin kashe abin da aka kawo miki ki tayar. Ba a kama batir da hantsakin ƙarfe, sai na roba. Ba a taɓa cikin agogo da yatsa mai gumi. A bakin murfi akwai wani siririn zoben roba mai hana ruwa da ƙura shiga. Masu gaggawa suna yar da shi, shi ya sa za ki ga gilashi ya yi raɓa bayan alwala ko wanke-wanke. Batir da ya mutu aka bar shi a ciki kuwa, yoyo yake yi ya cinye ƙarafan. Da yawa daga cikin waɗanda Baba ya ce sun wuce gyara, wannan ne ya kashe su.

Ga inda abin ya taɓa mu, mu da muka shiga ajin yaƙi da jahilci da girmanmu, wasunmu da goyo a baya. Kowane batir da lambarsa. Wanda aka rubuta CR2016, faɗinsa milimita 20 ne, kaurinsa milimita 1.6. CR2032 faɗinsu ɗaya, amma shi kaurinsa 3.2. Ashe lambar ma magana take yi! Ranar da muka karanta wannan da kanmu a jikin kwali, ba wanda ya karanta mana, wallahi sai da muka yi shewa a tsakiyar kasuwa. Ƙananan na agogon hannu kuma akwai mai SR akwai mai LR. Girmansu ɗaya, amma mai SR ya fi daɗewa, mai LR ya fi araha ya kuma fi saurin yoyo. Wadda ba ta karatu ba za ta bambanta su ba, ɗan sari zai ba ta mai arahar a kuɗin mai tsadar. Don haka sharaɗinmu na farko, yarinya ta iya karatu da lissafi. Wadda ba ta iya ba, aji yana nan, ba a rufe shi ba.

Sai agogo mai wani, irin Seiko 5 da iyayenmu maza suke ɗaurawa, wanda ba ya cin batir, motsin hannu ne ke wana shi. Wannan shi ne babban karatu. 'Yan tayoyi masu haƙora da sukurori da sifirin, wasu sai da madubin ido ake ganinsu. Ana warware shi gaba ɗaya, a wanke, a mayar da kowane a mazauninsa, a ɗiga masa mai da bakin allura. Man nasa daban ne, ba man keken ɗinki ba, don Baba ya ce ya sha karɓar agogon da aka yi wa wannan aika-aika. Idan aka ajiye shi a kan sifika, maganaɗisu ya kama shi, sai ya riƙa gudu. A Suwizalan, ƙasar da ta yi suna da agogo, matashi yana yin shekara uku zuwa huɗu yana koyo kafin a kira shi gwani. Mu ba can za mu ba, amma ya isa ya nuna mana cewa wannan ba aikin kwana uku ba ne. Mun tsara shekara ɗaya a kan agogon batir da na bango da madauri da gilashi. Wadda hannunta ya faɗa, ta zarce zuwa mai wani.

An ce mana waya ta kashe agogo. Akwai gaskiya a ciki, ba za mu musa ba. Akwai kuma agogon roba mai arahar da gyaransa ya fi sayen sabo tsada, da irin na zamani mai haɗuwa da waya, wanda Baba da kansa ya ce ba fanninsa ba ne. Amma malamar ajinmu ta nemo mana wani labari. A 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da agogon hannu na Quartz na farko, ya zo ya karya kasuwar masu wani har ma'aikatan agogo da dama a Suwizalan suka rasa aiki, aka ce sana'ar ta mutu. Yau ga shi makarantunsu suna nan suna yaye masu gyara. Mu ma a nan, ku duba akwatin lefe, akwai wanda ake haɗawa ba agogo? Kuma hannun da ya iya wannan aiki zai sa batir a makullin mota, da na'urar awon suga, da carbin dannawa, ya saita agogon kiran salla da alhazai ke kawowa a kan lokacin Kano, ya ɗaure sukurun tabarau. Ba mu ce za a yi kuɗin gina bene ba. Ciniki ne na kaɗan-kaɗan, amma ba ya jiran Sallah, kayansa ba sa ruɓewa kamar tumatir, shagon kuma gaba ɗaya yana shiga jaka ɗaya.

Iyayenmu maza, mun san abin da ke ranku, kuma da gaskiyarku. Ba yarinyar da za ta je ta zauna a bakin titi cikin maza. Baba ya yarda zai riƙa zuwa ɗakin taronmu da safe, kwana uku a mako, kuma kullum ɗaya daga cikin iyayenmu mata tana zaune a wurin. Ƙungiya za ta biya shi duk wata, ba sai an yaye ba, saboda dattijo ne mai iyali kuma zai bar teburinsa don mu.

Mu ma muna da abin da muke nema a wurinku. Duk wadda aka sa sunanta, uba ko miji zai sa hannu cewa ba za a cire ta a tsakiya ba. Idan akwai maganar aure a kanta, a faɗa wa manemin tun yanzu. Kayan aiki mallakar ƙungiya ne har sai ta kammala. Ba mu manta kekunan ɗinki biyu da muka raba, ɗaya aka sayar aka yi hidimar suna, ɗaya ya bi kayan ɗaki zuwa wani gari. Kuɗin nan zubin mata ne, na mai ƙosai da mai kuka da daddawa, idan ya nutse ba mu da wani a bana.

Abu ɗaya kuma, wannan ga dukkanmu ne. Ƙananan batiran nan masu kama da kwabo haɗari ne ga yara. Idan yaro ya haɗiye ya maƙale masa, cikin awa biyu yana iya ƙona masa maƙogwaro. Ba a jira a ga ko zai fita, asibiti ake yi nan take. Shi ya sa kowace ɗaliba za a ba ta akwati mai makulli, tsofaffin batira kuma a tara su a kwalba mai murfi, ba a zuba su a shara inda yara ke wasa.

Hajiya Shugaba, ga buƙatarmu a gabanki da gaban 'yan'uwa. Bayan an ci abinci za a ɗaga hannu. Idan an amince, mai son sa 'yarta ta ga sakatariya kafin taron wata mai zuwa, za a gwada ido da hannu da karatu, a ɗauki huɗu. Waɗanda suka kawo agogo kuma, ma'aji tana riƙe da su a bakin ƙofa, kowane da sunan mai shi a jiki. Wanda ya tashi a biya kuɗin batir a karɓa, wanda bai tashi ba muna roƙon a bar mana shi, da shi yaran za su fara koyon buɗewa.