Farar Riga da Takardar Izini: Wane Ne Mai Duba Masu Jinyarmu?

(Jawabin da aka gabatar a taron ɗaliban ƙasar Tambuwal da Kebbe)



Abin da ya tara mu yau magana ce wadda ta shafi ran kowannenmu, watau yadda hukuma take ba ma'aikatan jinya izinin aiki, da yadda take sa musu ido bayan ta ba su. Mutumin ƙauye in ya je sayen sa a kasuwa, yakan buɗe bakinsa ya duba haƙora, domin ya san harkar. Amma ran da ciwo ya kayar da shi, aka zo da allura, ba shi da hanyar gane ko hannun da ya riƙe ta ya koyi aikin. Farar riga kaɗai yake gani, ita kuwa kowane tela yana iya ɗinka ta. Wannan rashin sani na majinyaci shi ne asalin dalilin kafa hukumar.

Tunanin ba baƙo ba ne gare mu. A shekarar 931 Miladiyya, Halifa Muƙtadir na Bagadaza ya ji labarin wani ya rasu ta dalilin kuskuren mai magani, sai ya hana kowa yin aikin sai wanda babban likitansa Sinanu ɗan Sabitu ya jarraba. A zamanin nan kuwa, Ingila ta yi dokar rajistar masu jinya a 1919. Nan Nijeriya an fara da ungozomomi, aka yi musu doka da hukuma a 1930, ta masu jinya ta biyo baya a 1947. Daga bisani Dokar Soja mai lamba 89 ta 1979 ta haɗe su wuri guda, suka zama Hukumar Kula da Aikin Jinya da Ungozoma ta Nijeriya, wadda hedkwatarta take Abuja. Sai mu lura, hukumar ta Tarayya ce. Gwamnatin Jihar Sakkwato tana iya gina makaranta, ta ɗauki ma'aikaci, ta biya shi albashi, amma ba ita ke ba shi izinin kiran kansa nas ba.

To, yaya ake samun izinin? Bari mu ɗauki yarinya daga Dogon Daji ko Jabo mai son wannan aiki. Da farko sai ta ci darussa biyar da kyakkyawan sakamako a jarrabawar ƙarshen sakandare: Turanci, lissafi, da darussan kimiyya uku. Sa'an nan ta shiga makarantar da Hukuma ta amince da ita, kamar Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Tambuwal, ko ta Sakkwato, ko ta Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. Amincewar nan ba ta fatar baki ba ce. Jami'an Hukuma sukan zo su ƙirga malamai, su duba ɗakunan gwaji da asibitin da ɗalibai za su koyi aiki, kana su yanke adadin da makarantar za ta ɗauka. Kowace ɗaliba ana shigar da sunanta cikin kundin Hukuma tun tana farkon karatu. Bayan shekara uku na karatun jinya, ko kusa da ƙarshen karatun digiri na shekara biyar a jami'a, sai ta zauna jarrabawar Hukuma, iri ɗaya da wadda takwararta ta Ikko ko Inugu take yi. In ta ci, a rubuta ta cikin rajista, a ba ta lamba da lasisi.

Bugu da ƙari, lasisin yana da wa'adi. Ba a sabunta shi sai mai shi ya nuna ya halarci kwasa-kwasan ƙarin ilmi, domin magani da dabarun jinya kullum sauyawa suke yi. Wanda kuma ya yi sakaci da ran majinyaci, ko ya ci amanar aiki, doka ta tanadi kotun ladabtarwa wadda take iya tsawata masa, ko dakatar da shi, ko soke sunansa daga rajista baki ɗaya.

Tsari ke nan mai kyau a takarda. Amma daga Abuja zuwa Kuchi ko Margai akwai nisa, kuma in hanya ta lalace da damina nisan yakan ninka. Haƙiƙa a ƙauyukanmu da yawa, wanda ake kira "nas" ko ma "likita" yaro ne da ya zauna shagon kemis ko wani ƙaramin asibiti na kuɗi shekara ɗaya ko biyu, ya ga yadda ake huda jijiya. Hukuma ba ta san da shi ba, saboda haka ba ta da lasisin da za ta ƙwace masa. Maganarsa ta 'yan sanda da kotu ce, in an sami mai kai ƙara. Illar kuwa mun san ta: allurar da aka yi wa yaro ba daidai ba ta taɓa jijiya ƙafa ta shanye, ƙarin ruwa ga wanda zuciyarsa ba ta iya ɗauka, mace mai doguwar naƙuda a riƙe ta gida ana yi mata allurar zafafa naƙuda har mahaifa ta fashe, ko ta tsira da yoyon fitsari. Ungozoma mai horo ta san alamun jijjiga da zubar jini, ta kuma san iyakar iyawarta, da sa'ar da za ta ce a nemi mota a tafi babban asibitin Kebbe ko na Tambuwal. Sanin iyaka ɗin nan shi ne rabin abin da lasisi yake shaida.

Kada dai mu yi kuɗin goro. Ma'aikatan lafiyar al'umma da muke gani a ɗakunan shan magani su ma masu horo ne, suna da tasu hukumar da take yi musu rajista, kuma su ke riƙe da ƙauyuka da dama. Kowa da gonarsa.

Wani zai ce, da babu gara ba daɗi. In aka kori mai allurar ƙauye, wa zai maye gurbinsa? Tambayar tana da nauyi ƙwarai. Masu lasisin kansu ba su zama. A farkon 2024 Hukuma ta bayyana cewa masu jinya fiye da 42,000 sun bar ƙasar nan cikin shekara uku, har ta fito da sharaɗin sai mutum ya yi aikin shekara biyu kafin ta tantance masa takardun fita waje, abin da ya jawo zanga-zanga a Abuja da Ikko. Waɗanda ba su ƙetare ba kuwa, galibi birni suke so. Saboda haka doka ita kaɗai ba ta isa. Abin da muke ganin ya fi dacewa da ƙasarmu shi ne shirin ungozomar karkara, wanda Hukuma ta amince da shi: a zaɓo 'yan mata daga ƙauyuka, a horar da su shekara biyu, a ba su lasisi, su koma su yi wa danginsu aiki. 'Yar gari ba ta neman canjin wurin aiki kamar baƙuwa, kuma matan kulle sun fi sakin jiki da ita.

To, mene ne namu, mu ɗalibai? Abu uku. Na farko, in mun je hutu mu karantar da ƙannenmu mata darussan kimiyya, gama nan ne yawancinsu suke faɗuwa tun kafin su kai ƙofar kwaleji. Na biyu, mu faɗakar da iyaye su bincika ko Hukuma ta amince da makaranta kafin su sayar da hatsi ko dabba su biya kuɗinta, domin takardar makarantar da ba a amince da ita ba ba ta kai mai ita ga lasisi. Na uku, mu koya wa mutanenmu cewa tambayar ma'aikaci lasisinsa ba rashin kunya ba ne. Mai gaskiya murna zai yi. Inda aka ga ɓarna, a kai wa hakimi da sashen lafiya na ƙaramar hukuma da Ma'aikatar Lafiya a Sakkwato. Mai ɗaki shi ya san inda ruwa yake zuba masa, kuma idon Hukuma ba zai kai Kebbe ba sai ta wajen mutanen Kebbe.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya saka wa masu kwana a kansu da alheri.