Ƙoƙon Kan Kifi a Tsakiyar Hamada



Abin da ya tara mu yau ƙashi ne, watau ƙoƙon kan wata dabbar teku da Larabawa ke kira al-hut. Mu kan ce mata kifi don ba mu da wani suna, amma ba kifi ba ce, gama iska take shaƙa, tana kuma shayar da 'ya'yanta nono.

A lardin Fayyum na ƙasar Masar, kimanin kilomita 150 daga Alƙahira, akwai wani kwari da ake kira Wadi al-Hitan. Babu ruwa, sai rairayi da duwatsu, amma ƙasusuwan waɗannan dabbobi na kwance a fili, sun daskare sun zama dutse tun shekara miliyan 40 ko kusa da haka, sa'ad da teku ke rufe da wurin. A 2005 hukumar UNESCO ta sa kwarin cikin wuraren tarihi na duniya, a 2016 kuma aka buɗe gidan tarihi a nan cikin hamadar. A tsakiyarsa aka shimfiɗa ƙwarangwal na wata dabba mai suna Basilosaurus, tsawonsa mita 18, da ƙoƙon kansa da haƙoransa. Sunan ma kuskure ne. Baturen Amurka da ya raɗa shi a 1834 ya zaci ƙaton ƙadangare ne, sunan kuwa ya bi ta har yau. A wannan kwari ne aka gano a 1989 cewa dabbar tana da 'yan ƙananan ƙafafun baya, har da yatsu, alamar cewa kakanninta a tudu suka yi tafiya.

Abin lura shi ne ba duka aka kwashe aka kai Turai ba. Ɗan makarantar Fayyum yana iya zuwa ya tsaya gaban ƙoƙon nan, ya ƙirga haƙoransa da idonsa. A 2021 kuwa masana 'yan Masar na Jami'ar Mansura su da kansu suka bayyana wata sabuwar dabba mai ƙafa huɗu daga Fayyum, suka sa mata suna Phiomicetus anubis.

To, mu fa? Mu ma muna da namu. A 1920 wani masanin Ingila, Charles Andrews, ya bayyana muƙamuƙin irin wannan dabba da aka tono a kudancin Nijeriya, ya kira ta Pappocetus lugardi, watau da sunan Gwamna Lugga. Ƙashin yana Landan. A cikin wannan ɗaki, mutum nawa ne suka taɓa jin labarinsa kafin yau? Mu ma da muke magana, sai da muka shiga jami'a muka ji.

Kada wani ya ce wannan zancen kudu ne, mu ba mu da teku. A dā teku ta ratso Sahara har ƙasar Sakkwato. Farin dutsen Kalambaina da ake yin siminti da shi laka ce ta ƙarƙashin wannan teku, cike take da ɓawon halittun ruwa. A 1975 aka bayyana wani kada na zamanin dā daga wannan yanki, aka sa masa suna Sokotosuchus. Yaron da ke kiwo a can yana tuntuɓe da irin waɗannan duwatsu, ya jefi tsuntsu da su, babu wanda ya ce masa kome.

Da yawa daga cikinmu gobe za su zauna a ofisoshin ilmi da na ƙananan hukumomi, su ne za su sa hannu a takardar kuɗi. Ɗaki ɗaya a hedkwatar ƙaramar hukuma, da akwatin gilashi, da bayani cikin Hausa, bai kai kuɗin motar shugaba guda ba.

Saboda haka muna roƙon ƙungiya ta yi abu biyu a wannan zango. Ta shirya mana ziyara Sakkwato tare da malaman ilmin duwatsu, ta kuma rubuta wa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa takarda, a nemi ko da kwafin muƙamuƙin nan ne daga Landan. Mun riga mun tsara takardar, tana hannun sakatare, sai a karanta ta kafin a tashi.