Guzurin Ɗalibin Da Ya Sauka a Madina

 

Ya ku 'yan'uwa, maganarmu ta yau ta shafi ƙannenmu da 'ya'yanmu waɗanda Allah ya nufa da samun gurbin karatu a Jami'ar Musulunci ta Madina, da iyayen da za su sallame su. Wannan jami'a an kafa ta ne a shekarar 1381 bayan Hijira, daidai da 1961, kuma ɗalibanta sun fito daga ƙasashe fiye da 100. Sheikh Abdul'aziz bin Baz ya shugabance ta, kuma daga ƙasarmu malamai irin su Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, Allah ya jiƙan su duka, sun sha daga ruwanta. To amma samun gurbi daban, zama a ci moriyar gurbin daban. Akwai waɗanda suka tafi da murna suka dawo ba shahada ba ilmi, kuma mafi yawan abin da ya kayar da su ya faru ne a shekarar farko.

Abu na farko shi ne niyya. Fita neman ilmi tsohuwar sunna ce ta magabata: Jabir bin Abdullah, Allah ya yarda da shi, ya yi tafiyar wata guda domin hadisi ɗaya. A cikin wannan birni da za ku sauka ne Yahya bin Yahya Allaisi ya zo daga Andalus yana karatu a gaban Imam Malik. Malaman tarihi sun ambata cewa wata rana aka shigo da giwa, ɗalibai suka watse zuwa kallo, shi kuwa ya zauna, domin malaminsa ya zo gani daga nesa, ba giwa ba. Ruwayarsa ta Muwaɗɗa ita ce ake karantawa a zaurukanmu har yau. Giwayen wannan zamani suna da yawa: kantunan da suka kewaye Harami, da wayar hannu, da hirar ɗakin kwana har asuba. Kowa ya tambayi kansa abin da ya kai shi.

Abu na biyu shi ne takardu da dokar ƙasa. Da zarar ɗalibi ya sauka, aikinsa na farko shi ne kammala rajista da gwajin lafiya har iƙama ta fito, wato katin izinin zama. Da ita ake buɗe asusun banki inda mukafa'a, wato ɗan kuɗin da jami'a take bayarwa duk wata, za ta riƙa shiga. Kafin wannan ya daidaita akan ɗauki lokaci, saboda haka kada uba ya sallami ɗansa hannu wofi yana cewa ai komai kyauta ne. A ba shi abin da zai riƙe shi na makonnin farko. A kuma ajiye kwafin fasfo da takardun makaranta a gida da kuma cikin waya. Yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilu na 2023, wanda ya sa aka kwaso ɗalibanmu daga Khartum cikin gaggawa, ya isa darasi a kan muhimmancin takarda.

A nan muna jan kunne da babbar murya. Kada ɗalibi ya karɓi saƙon da bai buɗe ya gani da idonsa ba, ko da daga hannun ɗan'uwa ne, domin hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi a Saudiyya yana kaiwa ga kisa, kuma a filin jirgi ba a tambayar wanda ya ba ka, wanda aka samu da kaya shi ne mai kaya. Mai shan magani ya riƙe takardar likita. Iƙamar ɗalibi ta karatu ce, ba ta aiki ko kasuwanci ba. Haka nan aikin Hajji sai da tasrihi, wato takardar izini, kuma wanda aka kama ba shi da ita yana fuskantar tara da kora. Wane riba ke nan mutum ya sayar da karatun shekara huɗu ko shida saboda cinikin kwana goma na lokacin alhazai?

Abu na uku shi ne harshe. Wanda Larabcinsa bai kai ba akan sa shi a Ma'ahadin koyar da Larabci ga waɗanda ba harshensu ba ne, inda zai yi kimanin shekara biyu kafin ya shiga kulliya, ko ta Shari'a, ko ta Hadisi, ko ta Alƙur'ani, ko ta Da'awa da Usuluddini, ko ta Luga. Wasu sukan ɗauki wannan a matsayin ƙasƙanci, musamman wanda a garinsu har ana ce masa malam. Wannan kuskure ne. Sanin i'irabi a littafi daban yake da fahimtar malami yana zuba bayani na sa'a guda kana rubutawa. Sannan ɗalibi zai tarar da cewa Larabcin kasuwa da na direban tasi ba shi ne na aji ba: ruwa a can "moya" ne, "ina" kuma "fen". Ya koyi abin da zai biya buƙatarsa, amma ya tsare fusaha a bakinsa. Babban abin da ke hana ɗalibanmu ƙwarewa shi ne Hausa dare da rana. Ba mu ce a yanke zumunci ba, amma a nemi aboki daga Indunusiya ko Yaman ko Bosniya wanda ba abin da ya haɗa ku sai Larabci.

Abu na huɗu shi ne jiki da zuciya. Zafin Madina a lokacin bazara yakan wuce digiri 40, sanyinta kuma a lokacin hunturu yana da kaifi, saboda haka a riƙe rigar sanyi, a yawaita shan ruwa. Abinci zai sauya: shinkafa kabsa, da ful, da burodin tamis. Ba laifi a tafi da kuka da daddawa da yaji, amma wanda ya ce sai tuwo zai ci zai wahala. Kewar gida kuwa za ta zo, yawanci bayan ɗokin farko ya lafa, kuma ba raunin imani ba ce. Sahabbai kansu sun yi zazzaɓi a Madina bayan Hijira, Bilal ya yi begen Makka, har Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya roƙa musu son Madina da lafiyarta. Maganinta shi ne tsayayyen lokaci na gaisawa da iyaye, tare da tuna cewa agogon can yana gaban na Nijeriya da Nijar da sa'a biyu, da kuma kusantar tsofaffin ɗalibai na kirki. Wanda ya ga ɗan'uwansa ya daina fitowa aji, ya kulle kansa a ɗaki, to ya ƙwanƙwasa masa ƙofa, kada ya jira.

Abu na biyar shi ne Masallacin Annabi. Salla guda a cikinsa ta fi salla dubu a waninsa in ban da Masallacin Makka, kuma tsakanin Magariba da Isha akwai halƙoƙin karatu. A nan ne Sheikh Umar Fallata, wanda asalinsa daga yankinmu na Afirka ta Yamma yake, ya daɗe yana karantarwa har ya rasu a 1999. Shawararmu ita ce ɗalibi ya zaɓi malami ɗaya da littafi ɗaya ya lizimce su har ƙarshe. Mai tsalle daga wannan halƙa zuwa waccan yakan gama shekara da sunayen malamai da yawa da ilmi kaɗan. Kuma kada halƙa ta sa a yi sakaci da aji, domin yawan fashi yana hana shiga jarrabawa, faɗuwa a kai a kai kuma tana kai ga sallama.

Na ƙarshe, a shekarar farko a buɗe kunne a tsare harshe. Ɗalibi zai ga saɓanin malamai a mas'alolin da ya zaci ba su da fuska biyu, zai kuma tarar da masu kiran sa ya shiga ɓangare ya soki wane da wane tun bai gama Ajurumiyya ba. Ya bar wannan ga ma'abotansa. Haka kuma in ya zo hutu, kada ya raina malamin zauren da ya ɗora masa harafin farko, ko ya mai da mahaifinsa ɗalibinsa a gaban jama'a. Gyara da ladabi yake shiga.

Ku kuma iyaye, mukafa'a da ƙyar take isar ɗalibi sabulu da littafi da kuɗin mota. Kada a mai da shi ɗan aike na dabino da jallabiya, ko a ɗora masa nauyin gida tun bai tsaya da ƙafarsa ba. Abin da yake buƙata daga gare ku shi ne addu'a da tambayar ina karatu ya kwana.

Allah ya kai su lafiya, ya ba su ilmi mai amfani, ya dawo mana da su lafiya.