Sunan Cuta da Wayar da Kan Jama'a: Misalin Cutar Huntington



Kowace shekara, ran 10 ga watan Oktoba, ana raya Ranar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Duniya, abin da aka fara tun 1992. Haka kuma tun daga 2008 aka keɓe ranar ƙarshe ta watan Fabrairu domin cututtukan da ba kasafai ake samunsu ba. A irin waɗannan ranaku akan buga takardu a manna a bango, a yi jawabi a gidan rediyo. Amma kafin likita ya buɗe baki, akwai abin da ya riga shi isa gidan majinyaci, watau sunan da jama'a suka laƙaba wa cutar. Shi ya sa mai nazarin harshe yake da ta cewa a wannan fage, ko da yake bai iya riƙe allura ba.

Alal misali, Bahaushe ya ce wa cutar da ke shanye ƙafafun yara shan inna. A cikin wannan suna akwai bayanin abin da ya kawo cutar, watau wata iska da ake kira Inna, akwai kuma nunin inda za a nemi magani. Wanda ya zo da ɗigon rigakafi, lalle sai ya yi kokawa da wannan suna tukuna. Kalmar hauka ta fi wannan nauyi, domin babbar rumfa ce wadda aka tara cututtuka iri iri a ƙarƙashinta, kuma da zarar ta shiga gida, to, ta shafi mai ciwon da 'ya'yansa da auren ƙannensa. Domin a ga yadda wannan al'amari yake gudana, za a ɗauki cuta guda ɗaya daga nesa, wadda tarihinta yake rubuce filla-filla.

A shekarar 1872 wani matashin likita a Amurka, George Huntington, yana da shekara 22, ya wallafa bayanin wata cuta da ya gani a wasu gidaje na tsibirin Long Island. Ubansa da kakansa duk likitoci ne a gari ɗaya, saboda haka ya gaji abin da suka lura da shi a waɗannan gidaje tun kaka da kakanni. Cutar takan bayyana galibi tsakanin shekara 30 zuwa 50. Jikin mutum ya riƙa motsi ba da son ransa ba, hannu ya fizge, kafaɗa ta ɗaga, tafiya ta zama tangaɗi. Likitoci sun kira wannan motsi da wata kalmar Girkanci mai ma'anar rawa. Sai dai sau da yawa ba motsin ne yake fara zuwa ba. Hali ne yake canzawa: mai haƙuri ya koma mai saurin fushi, baƙin ciki mai tsanani ya danne shi, tunani ya yi nauyi. Daga bayyanar cutar zuwa mutuwa akan yi shekara 15 zuwa 20. Gadonta kuwa ba wuya, domin idan uwa ko uba yana ɗauke da ita, kowane ɗa da aka haifa yana tsakanin kamuwa da tsira, rabi da rabi.

To, me jama'a suka kira waɗannan mutane? Mashaya da mahaukata. Shahararren mawaƙin nan na Amurka, Woody Guthrie, uwarsa ta rasu a asibitin masu taɓin hankali a jihar Oklahoma. Shi kansa an daɗe ana ɗora ciwonsa a kan shan giya da taɓin hankali kafin a gane gaskiyarsa a 1952. A Jamus kuwa, dokar da 'yan Nazi suka kafa a 1933 ta sa wannan cuta cikin jerin waɗanda za a hana masu ita haihuwa da ƙarfin hukuma. Saboda haka gidajen da ke da ita suka koyi ɓoyewa, har ya zama uwa takan mutu 'ya'yanta ba su san abin da ya kashe kakansu ba.

Wayar da kai a kan wannan cuta iyalai ne suka fara shi, ba hukuma ba. A 1967, shekarar da Guthrie ya rasu, tsohuwar matarsa Marjorie ta kafa kwamitin yaƙi da cutar, ta nemi iyalai su fito su san juna. A 1968 Milton Wexler, bayan an tabbatar da cutar a jikin mahaifiyar 'ya'yansa, ya kafa gidauniyar binciken cututtukan gado. 'Yarsa Nancy, wadda ta san ita ma tana cikin haɗari, ita ce ta kai aikin gaba.

A nan labari ya koma ƙasar Benezuwela, a Kudancin Amurka. Tun a shekarun 1950 wani likita na can, Americo Negrette, ya ga mutane suna tangaɗi a wata unguwar masunta a bakin tafkin Marakaibo, ya ɗauka su ma mashaya ne, sai mazauna wurin suka gaya masa cewa ciwo ne da ke bin dangi. Nancy Wexler ta fara zuwa wurin a 1979, daga baya ta riƙa komawa kowace shekara da ayarin masu bincike. Sun tsara salsalar dangi mai mutum fiye da 18,000, suka ɗibi jini. An ce abin da ya sa masuntan suka yarda da ita shi ne ta gaya musu cewa cutar tana gidansu, ta kashe mahaifiyarta. Da wannan jini ne James Gusella da abokan aikinsa suka gano a 1983 cewa matsalar tana kan igiyar gado ta 4 daga cikin 23 da ɗan Adam ke gada daga kowane mahaifi. A 1993 aka kama ƙwayar gadon kanta. A cikinta akwai wasu haruffa uku, CAG, da suke maimaituwa. Wanda nasa bai wuce 26 ba lafiya lau yake, wanda kuwa nasa ya kai 40 ko fiye, cutar za ta bayyana idan ya yi tsawon rai. Abin takaici shi ne masuntan da suka ba da jininsu ba su fita daga talauci ba.

Daga nan ne aikin wayar da kai ya shiga wani mawuyacin hali, wanda ya kamata duk mai tsara irin wannan aiki ya tsaya a kansa. Tun 1993 saurayi ɗan shekara 20 yana iya ba da jini a gaya masa ko cutar tana jiransa. Amma maganin da zai warkar da ita bai samu ba tukuna. Akwai magungunan rage motsi da na baƙin ciki, kuma a 2025 an ba da labarin wani gwaji da aka yi wa mutane kaɗan wanda ya nuna alamar rage saurinta. Mafi yawan waɗanda ke cikin haɗari sun zaɓi kada a gwada su, kuma ba jahilci ne ya sa su ba. Mutumin da aka gaya wa wannan labari ba tare da shiri ba yana iya fid da rai daga rayuwa, kuma an san kashe kai ya fi yawa a tsakanin masu wannan cuta. Saboda haka ƙa'idar likitoci ita ce ba a gwada yaro ƙarami wanda bai nuna alama ba, ba a tilasta wa babba, kuma sai an zauna da mutum an yi shawara kafin gwaji da bayansa.

Wannan ya bambanta ƙwarai da abin da aka saba ji a ƙasar Hausa game da cutar sikila, inda saƙon yake a fili: a yi gwaji kafin aure, har Jihar Kano ta mai da shi doka a 2024. Sikila sai ta haɗu daga uwa da uba take bayyana, saboda haka sanin jini yana ba mutum mafita, watau ya zaɓi abokin aure da ya dace. Cutar Huntington daga ɓangare guda take zuwa, babu zaɓin miji ko mata da zai kau da ita. Wanda ya ɗauki taken sikila ya ɗora a kanta, a cikin al'ummar da ke binciken asali kafin a ba da aure, ba abin da zai haifar sai gidajen da ba mai neman 'ya'yansu. Kada kuma a ce cuta ce ta Turawa kaɗai. Gaskiya ta fi yawa a cikinsu, amma ana samunta a Afirka, har ma a 2001 an gano wata mai kama da ita ƙwarai wadda kusan duk masu ita 'yan asalin Afirka ne.

Nijeriya ta yi shekara da shekaru tana aiki da dokar mahaukata ta 1958, wadda sunanta kaɗai ya isa shaida, sai a watan Janairu na 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa. Sauya suna a takardar doka ya fi sauƙi bisa sauya shi a bakin mutane. A Hausa har yanzu mai fassara yana fama: taɓin hankali ya fi hauka ladabi amma tabon bai fita ba, ciwon jijiya kuwa mai sauraro yakan kai shi ga jijiyar jini ko ta ƙafa. Wannan aiki ne da sassan koyar da Hausa da makarantun likitanci ya kamata su zauna su yi tare, su kuma gwada kalmomin a kunnen masu jinya kafin a kai su gidan rediyo.

Ran 18 ga watan Mayu 2017 Paparoma Francis ya karɓi iyalan masu wannan cuta a fadarsa, da yawansu daga Kudancin Amurka, a wani taro da aka shirya domin a daina ɓoye ta. Ita kanta Nancy Wexler, wadda ta yi fiye da shekara 40 tana wannan aiki, sai a 2020 ta bayyana wa duniya cewa cutar ta kama ta.