Kafin a Rufe Tsohon Layi

Ranar 30 ga Satumban 2025 kamfanin AOL na Amurka ya daina ba da intanet ta layin tarho. Duk wanda ya taɓa haɗa tsohuwar kwamfuta ya san aikin: ka jona igiyar tarho jikin modem, ka shigar da lambar kira da kalmar sirri, sai ƙara ta tashi kamar kukan gyare. Gudun wannan intanet iyaka kilobit 56 a daƙiƙa, kuma muddin kana kai, ba mai samun ka a waya. Amma ita ce gatan wasu mazauna karkara. Don haka muna kira ga hukumomi da kamfanoni: kada a rufe tsohuwar hanya sai sabuwa ta isa ƙauye.