Bayani a Kan Sankarar Kaluluwa ta Cikin Ƙirji



Sanin kowa ne cewa idan mutum ya daɗe yana tari, ga zazzaɓi, ga gumin dare mai jiƙa zane, ga rama, tarin fuka ake fara zato, kuma galibi shi ɗin ne. Amma akwai wata lalura mai kama da shi ƙwarai, wadda maganinsa ba ya taɓa ta ko an sha na wata shida cif, wato sankarar kaluluwa, wadda Thomas Hodgkin, likita a Landan, ya siffanta nau'inta ɗaya tun 1832.

Kaluluwar nan da muke shafawa a wuya da hammata, Allah cikin hikimarsa ya halicci irinta a tsakiyar ƙirji, tsakanin huhu biyu, inda hannun likita ba ya kaiwa, sai hoto. A hoton radiyo, wato hoton ƙirji na asibiti, huhu mai lafiya baƙi yake fitowa domin iska ce a cikinsa, zuciya da manyan jijiyoyi kuwa fari a tsakiya; to idan kaluluwa ta kumbura, sai a ga farin nan ya buɗe daga sama, gefensa ƙulli-ƙulli kamar buhun dankali, wani sa'in har ya haura sulusin faɗin ƙirji. Hoton na'urar sikana kuma yakan bayyana ko ƙullin ya danne hanyar numfashi, ko jijiyar da ke mayar da jinin kai zuwa zuciya, wanda shi ne dalilin da wani ke wayar gari fuska a kumbure, a ce sammu ne.

Sai dai hoto ba ya yanke hukunci shi kaɗai, domin tarin fuka ma kan kumbura kaluluwar. Wajibi ne a ɗebi ɗan nama a bincika. A nan nake roƙonku, don Allah, ku nisanci ƙwayar deksametazon da ake saye don ƙiba, domin takan lafar da ƙullin na ɗan lokaci, ta ɓatar da hujja, alhali cutar tana nan, kuma cuta ce da da yawa ke warkewa idan an kama ta da wuri.

Wanda ya sha maganin tarin fuka bai ga sauƙi ba, ya koma babban asibitin Borgou a nan Parakou, na Djougou su je asibitin Ordre de Malte; ya riƙe tsohon hotonsa cikin ambulan, a gwada shi da sabo, ko da za a tura shi Kwatano.