Azumin da Yake Kaiwa Ƙofar Maƙwabci



Mun shiga lokacin azumi, kwana 40 daga Larabar Toka zuwa Ista, ban da ranakun Lahadi. A wurinmu manoma, wannan lokaci yakan zo ne sa'ad da rani ya yi nisa, rijiyoyi sun ja baya, hatsi kuma ya fara sauka a rumbu. Bari mu dubi karatu uku da idon manomi.

A Matiyu sura 4 mun ga Yesu ya yi kwana 40 a jeji bai ci kome ba. Iblis ya zo masa ta ƙofar yunwa, ya ce ya mai da duwatsu abinci. Yesu ya ƙi. Mu ma mun san wannan gwaji. Yunwa ce takan sa mutum ya cinye irin shuka, ko ya jinginar da gonar gado. Ubangijinmu ya ɗanɗana yunwa, saboda haka ba ya raina kukan mai jin ta.

A Ishaya sura 58 jama'a sun yi gunaguni cewa suna azumi amma Allah bai kula ba. Annabin ya nuna musu dalili: a ranar azumin suna matsa wa ma'aikatansu, suna faɗa da juna. Azumin da Allah yake so shi ne a kwance wa wanda aka danne, a raba abinci da mayunwaci, a ba marar sutura tufa. Mu tambayi kanmu. A cikinmu akwai mai ba da buhun dawa da bazara, ya karɓi biyu da kaka? Akwai wanda ya riƙe kuɗin ƙwadagon wani tun girbi? In haka ne, bakinmu yana azumi amma hannunmu yana ci.

A Matiyu sura 6 kuma Yesu ya gargaɗe mu kada mu yi sadaka ko azumi don mutane su yabe mu. Gwauruwar da muke taimako tana da mutuncinta. Kada mu kira sunanta a gaban jama'a.

To, me za mu yi? Ga shawararmu. Abincin da muka hana cikinmu, kada ya koma rumbunmu. Kowane gida ya keɓe mudu ɗaya a mako. A ce gida 30 ne a ikkilisiya: cikin mako 6 an tara mudu 180. A zaɓi mutum uku masu aminci daga dattawa, zumuntar mata da matasa, su rubuta abin da ya shigo. A shanya hatsin sosai, a adana shi inda ƙwari ba za su shiga ba, har watan Yuli da Agusta, lokacin da yunwa takan fi tsanani. A ba mabukaci, ko ɗan ikkilisiya ne ko maƙwabcinmu Musulmi, gama yunwa ba ta tambayar addini.

Da yayyafi kogi kan cika. Wanda kuma yake bin ɗan'uwansa bashi da ruwa, ya je ya sasanta da shi kafin Ista, domin mu zo teburin Ubangiji da zuciya ɗaya.

Allah ya ba mu ikon aikatawa. Amin.